Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Karatun Injiniya Da Alkawarin Aikin Gwamnati

Cikin takardun da kan zo gaban Hakimi domin ya sa hannu akwai wata wadda ba ta da girma, sau da yawa ba ta wuce shafi biyu ko uku ba, amma nauyinta yakan bi mutum shekara da shekaru. Ita ce takardar alkawari wadda ɗalibi kan sa wa hannu idan Gwamnati za ta ɗauki nauyin karatunsa. A cikinta yakan yarda cewa in ya gama zai komo ya yi wa Gwamnati aiki na shekarun da aka ƙayyade, in kuwa ya ƙi, ya biya abin da aka kashe masa. Ba shi kaɗai ke sa hannu ba. Akan nemi mutum ɗaya ko biyu masu mutunci su tsaya masa, akan kuma nemi shaidar cewa shi ɗan asalin ƙasar ne, shaidar nan kuwa daga bakin mai unguwa da dagaci da Hakimi take fitowa kafin ta kai ofishin ƙaramar hukuma. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su san abin da ke cikin wannan ciniki, musamman wajen karatun injiniya, wanda iyaye da yawa ke ɗauka har yanzu cewa shi ne ƙofar babban albashi da girma.

Da farko a rarrabe takardu uku, gama mutanen ƙauye kan haɗa su su kira su duka sukolashif. Akwai tallafi na kyauta, wanda jiha kan ba ɗalibanta ba da wani sharaɗi ba sai cewa su ci jarrabawa. Akwai rance, irin wanda Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024 ta hannun asusun NELFUND, wannan kuwa bashi ne sosai, akan fara biyansa shekara biyu bayan an gama yi wa ƙasa hidima, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Na uku shi ne alkawarin aiki, inda ba kuɗi ake bin ɗalibi ba tukuna, shekarun ƙuruciyarsa ake binsa. Wannan na uku shi ne abin magana.

Asalin Al'amarin

A shekara ta 1952, sa'ad da aka fara naɗa ministoci 'yan ƙasa, Ma'aikatar Ayyuka ce aka fara danƙa wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a Kaduna, ita ce kuma aka fara danƙa wa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko. Dukansu biyu malaman makaranta ne, 'yan Kwalejin Katsina. Watau Arewa ta sami ministan ayyuka tun ba ta sami injiniyoyin da za su yi ayyukan ba. Masu auna hanya da zana gada da kafa famfo Turawa ne, mataimakansu kuwa galibi mutanen Kudu ne waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Yaba. Ɗan Arewa a wannan ma'aikata yawanci helima ne, ko magini, ko direba, ko lebura.

Da Sardauna ya zama Firimiya a 1954, sai Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar mayar da aikin Gwamnati hannun 'yan Arewa. Ka'idar ita ce in akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, in babu a ɗauki baƙo bisa kwantiragi na ɗan lokaci, don kujerar ta jira mai ita. To, kujerar akawu ana iya cika ta cikin shekara ɗaya, amma ta injiniya sai an yi haƙuri. Yaro sai ya yi sakandare inda ake koyar da lissafi da kimiyya, irin waɗannan makarantu kuwa a lokacin ana ƙidaya su da yatsu. Daga nan ya wuce Zariya, inda reshen Kwalejin Nijeriya ke koyar da aikin injiniya bisa digirin Jami'ar Landan, ko kuwa a tura shi Ingila. An buɗe makarantar koyon sana'a ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Fasaha ta Kaduna a 1968. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, ta gaji sashen injiniya na kwalejin nan ta Zariya, amma a shekarunta na farko ɗaliban Arewa ba su da yawa a wannan sashe.

Ga ayyuka kuwa suna ta tasowa. An ja layin dogo daga Kuru ya kai Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964. An fara madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Gwamnatin da ta kashe kuɗin talakawa shekara biyar ko shida a kan yaro ɗaya ba ta iya barinsa ya komo ya shige kamfani ba. Dalilin takardar alkawari ke nan, kuma dalili ne mai kyau: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Abin Da Ke Jiran Ɗalibi A Wancan Zamani

Amma gaskiyar magana, a zamanin nan ba takardar ce ke komo da ɗalibai ba. Aikin da ke jiransu shi ke komo da su. Wajen 1960 mai digiri da ya shiga babban aikin Gwamnati yakan fara da fam 720 a shekara, watau fam 60 a wata, alhali leburan Gwamnati a Arewa bai kai fam 10 a wata ba. Albashin ma shi ne ƙaramin abu. Akan ba shi gida a unguwar Turawa, da kujeru da gadaje, ana cire ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a matsayin haya. Akan ba shi rancen sayen mota, a kuma riƙa ba shi kuɗin kula da ita kowane wata, in ya fita rangadi a biya shi bisa mil. Yana da hutu da albashi, yana da fensho. Saurayi ɗan shekara 26, wanda ubansa bai taɓa hawa keke ba, sai ga shi ya sauka bariki da motarsa, helima da leburori suna jiran umurninsa, Hakimi ya aika masa da rago da gaisuwa domin kwalbatin hanyar kasuwa a hannunsa yake. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan amfanin boko, kuma Hakimai da yawa waɗanda a da sai da tilas suke samo yara don makarantar elementare sun ga iyaye sun fara kawo 'ya'yansu da kansu.

Ko a lokacin akwai wani ƙulli guda. Tsarin da aka gada daga Turawa ya ɗora ma'aikatan mulki bisa ma'aikatan sana'a. Injiniya ya san ƙarfin gada, amma Babban Sakatare, wanda galibi daga ɓangaren mulki yake fitowa, shi ke riƙe da fayil da kuɗi. Saboda haka wasu masu ƙwazo, da suka ga inda girman yake, suka ajiye awo da zane suka koma kujerar mulki. Gwamnati ba ta yi asarar mutum ba, amma ta yi asarar injiniya, takardar alkawari kuwa ba ta hana wannan ba, gama ita shekaru take ƙirgawa, ba ta tambayar irin aikin da aka yi a cikinsu. An yi ta wannan gardama har zuwa gyaran aikin Gwamnati na 1988.

Yadda Abin Ya Juya

Jihar Arewa ta rabu zuwa jihohi shida a 1967, yau kuwa jihohi 19 ne, kowace da hukumarta ta tallafin karatu da irin takardarta. A 1974 kwamitin Udoji ya haɗa dukan ma'aikata cikin tsani ɗaya mai mataki 17, mai digiri ya riƙa shiga a mataki na 08, aka kuma biya ƙarin albashi da ariyas a farkon 1975. Shekarun nan su ne ganiyar injiniyan Gwamnati. Jihar Kano ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, hukumarta ta WRECA kuma ta gina madatsu da dama da ma'aikatanta da injunanta. Amma a shekarun ne kuma kuɗin man fetur ya kawo manyan kamfanonin kwangila, waɗanda ke iya ninka wa injiniya albashinsa, aikin Gwamnati kuma ya fara komawa duba aikin ɗan kwangila da sa hannu a takardar biya.

Daga 1986 aka fara karya darajar naira. Kafin nan naira ɗaya tana kusa da dala ɗaya. A 2024 dala ɗaya ta wuce naira 1,500. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta mayar da gida da mota da sauran alfarma zuwa kuɗi cikin albashi, aka sayar da gidajen Gwamnati masu yawa. A 2004 ta canja tsarin fensho ya zama na tara kuɗi, ma'aikaci na zubawa Gwamnati na zubawa. A watan Yuli na 2024 aka sa mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000 a wata. Sabon injiniya a mataki na 08 ya fi wannan, amma tazarar da ke tsakaninsa da masinja ba ta kusa da tazarar da ke tsakanin fam 60 da fam 10 ba, ba kuwa gida ko mota da ke jiransa a yawancin ma'aikatu. Wasu hukumomin Tarayya masu tsarin albashi na kansu suna biya da kyau, sai dai ƙofarsu ƙunci gare ta, kuma ba su ne ke ɗaukar yawancin ɗaliban jihohi ba.

Ma'anar wannan duka ita ce takardar da a da take kamar tikitin shiga daula, yau ta zama alkawari na gaske mai nauyi. Yaron da ya gama da sakamako mai kyau zai ga abokan karatunsa a kamfanonin sadarwa da na siminti da na mai, ko a ƙasashen waje, suna karɓar ninkin abin da yake karɓa. Zuciyarsa za ta yi rawa. Wanda ya tsaya masa ya san da wannan tun ranar sa hannu.

Ba Nijeriya kaɗai ke da irin wannan tsari ba, kuma akwai abin lura a yadda wasu suka riƙe shi. A Faransa, makarantar École Polytechnique, wadda aka kafa a 1794, tana biyan ɗalibanta 'yan ƙasa albashi suna karatu. Wanda ya shiga aikin injiniyan Gwamnati daga can ana binsa shekara goma, in ya fita kafin nan ya mayar da kuɗi, har suna yi wa kuɗin laƙabi da silifa, don mai biya ya tafi inda ƙafarsa za ta huta. A Amurka, shirin SMART na ma'aikatar tsaro yana bin ɗalibi shekara ɗaya ta aiki a kan kowace shekara da aka biya masa. A Singafo wanda Hukumar Ma'aikata ta tura Ingila ko Amurka ana binsa shekara shida, wanda ya yi karatu a gida shekara huɗu, amma tun 1994 ƙasar ta ɗaure albashin manyan ma'aikatanta da abin da kamfanoni ke biya. Duk inda tsarin ya dawwama, za a tarar aiki yana jiran ɗalibi ranar da ya gama, kuma aikin ba abin kunya ba ne.

Abin Da Za A Duba Kafin A Sa Hannu

Malamin Hakimi ya karanta takardar daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, a gaban yaron ko yarinyar da uban, ya fassara da Hausa. Kada ya yarda da cewa mota na jira ko gobe ake rufewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya kawo takarda da gaggawa shi ya yi jinkiri.

Ya duba yawan shekarun aiki, ya kuma duba ranar da za a fara ƙirga su, domin nan ne rigima ta fi tasowa. Digirin injiniya shekara biyar ne a jami'o'in ƙasar nan, ga shekarar yi wa ƙasa hidima wadda aka kafa tun 1973. Shekarar nan tana cikin lissafi ko kuwa? Ana farawa daga ranar gama karatu, ko daga ranar da aka ba shi takardar kama aiki? In daga ranar kama aiki ne, to, in ma'aikata ta yi shekara biyu ba ta kira shi ba fa? Takarda mai adalci takan faɗi cewa in ba a ba shi aiki cikin lokaci kaza ba, alkawari ya sauka daga wuyansa. In babu wannan magana a ciki, Hakimi yana da ikon ya rubuta wa hukumar ya tambaya, ya ajiye amsar. An sha ganin samari sun komo da digiri suna zaune a zaure, Gwamnati ba ta ɗauke su ba, su kuma suna tsoron karɓar aikin kamfani don kada a bi uban da bashi.

Sa'an nan maganar kuɗi. Wata takarda takan ce a mayar da abin da aka kashe, wata ta ƙara da riba ko tara, wata ta rage bisa shekarun da aka riga aka yi, wata kuwa ko saura wata uku ne sai a biya duka. In karatun a ƙasar waje ne, a tambaya da wane kuɗi za a yi lissafi, kuma bisa canjin wace rana. Kuɗin makarantar da aka biya da dala a shekarar da dala take naira 400, in aka ce a mayar bisa canjin ranar biya, bashin ya ninka kusan sau huɗu ba tare da kowa ya ƙara cin kwabo ba. Gona da gida da shanu na mai tsayawa ba su kai nan ba.

Hakimi ya bambanta shaida da lamuni. In ya shaida cewa yaron ɗan wane ne, na gari kaza, gaskiya kawai ake nema gare shi, amma fa gaskiyar ta zama tabbatacciya, don kada a ba baƙo gurbin ɗan ƙasa da hatimin gunduma. In kuwa ya sa hannu a layin mai tsayawa, ya zama wanda za a nema in ba a ga yaron ba, rawani kuma ba ya kare mutum daga wannan. Ba a ce Hakimi ya ƙi tsaya wa ɗan talakansa ba. Sau da yawa maraya mai ƙwaƙwalwa ba shi da kowa sai shi. Abin da ake so shi ne ya san abin da ya ɗauka, ya kuma gaya wa dagatai da attajiran ƙasarsa, waɗanda kan sa hannu don kunya, cewa wannan ba sa hannun ɗaurin aure ba ne.

Akwai kuma abin da yaron da kansa ya kamata ya ji, gama ba duka ne asara ba. Mai digiri bai zama injiniya a idon doka ba sai ya yi rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, rajistar kuwa tana bukatar shekarun aiki na gaske a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista. Ma'aikatar ayyuka ko hukumar ruwa mai aiki a hannu tana iya ba saurayi abin da kamfani ba zai ba shi da wuri ba, watau ya riƙe aiki tun daga awo har miƙa makulli. Shekarun alkawari in an yi su a bakin aiki jari ne. In kuwa an yi su a ofis ana karanta jarida, an cuci yaron an cuci baitulmali. Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha kuma ya sani rajistarsa a wani aji dabam take, kada uba ya ɗauka duk ɗaya ne.

Abin Da Ya Shafi Gunduma

Wani zai ce, in albashi ya lalace haka, me ya sa ba a bar yaran su tafi inda suka ga dama ba? Amsar tana bakin kowace madatsa. Ɗan kwangila yakan gina ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mai zagaya madatsa da rani ya duba tsagewa, mai buɗe ƙofar ruwa da damina kafin ya yi yawa, mai rubuta rahoto cewa gada kaza ba za ta ƙara ɗaukar tirela ba, ma'aikacin Gwamnati ne, ba kuwa wanda zai yi wannan in ba shi ba. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988. Ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Yawancin manyan madatsun Arewa an gina su ne tsakanin 1970 da 1992, sun tsufa, waɗanda suka gina su kuma sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Jihar da ba ta riƙe samarin injiniyoyinta ba, ƙauyukan da ke ƙasan ruwa su za su biya.

Saboda haka alkawarin fuska biyu gare shi, Hakimai kuwa suna da bakin magana a kan duka biyun. Ga ɗalibi, su tuna masa cewa kuɗin da aka kashe masa na mutanen da ba su taɓa shiga aji ba ne. Ga hukuma, su kai magana ta hannun majalisar Sarki cewa a biya kuɗin ɗalibai a kan kari, kada a bar yaro a ƙasar wani makaranta ta riƙe masa takardar shaida saboda bashi. A ba shi aiki da ya komo. A tura shi inda ake aiki, da kayan awo da abin hawa. Hukumar da ta saɓa nata ɓangaren ba ta da ƙarfin fuskar da za ta bi mai tsayawa.

Malamin gunduma ya buɗe littafi guda domin wannan. Ya rubuta sunan ɗalibi da na ubansa da ƙauyensu, da hukumar da ta ɗauki nauyinsa, da makarantar, da shekarar da ake sa ran zai gama, da yawan shekarun alkawari, da sunayen waɗanda suka tsaya masa, ya manna kwafin takardar a bayan shafin. Kowace shekara bayan girbi a aika wa dagatai su faɗi inda kowane ɗalibi yake. Wanda ya gama aka bar shi zaune, a rubuta wa hukuma da sunansa da ranar da ya komo. Wanda ya cika shekarunsa kuwa, a nemi takardar sallama daga hukumar, a ba waɗanda suka tsaya masa kwafi su ajiye.